Na je ɗauko 'yata daga ƙasar da ke motsi

Mun tashi da asuba daga Greensboro, inda muke zaune a Amurka, ni da ƙanena, bayan na sa shi ya juya mota mun koma unguwarmu Glenwood don in duba ko na kashe murhu. Ashe na kashe. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko 'yata daga jihar Washington. Karatun girgizar ƙasa take yi a can, kuma tun da wata maƙwabciya ta nuna mini a waya cewa ana jiran wata babba a wannan gaɓar teku, barci ya ƙaurace mini.

Jirgi biyu muka hau. Inda muka sauya, na ji kuɗin shayi na mayar da kofin, na buɗe dambun naman da na yi mata. Ƙanena ya ci kusan rabi, wai rage mini kaya yake yi.

'Yata ta tarbe mu sanye da takalmin roba duk laka. Washegari ta kai mu daji ta wata siririyar hanya, itatuwa dogaye har wuya ya gaji da kallo, yayyafi kuma ba ya ɗaukewa. Abokan aikinta suna haƙa ƙananan ramuka a jere, suna binne na'urori kamar gwangwanin madara. Na fara da tambayar ko mai filin ya ba da izini. Ta ce ya ba da.

Sai ta yi mini bayani. Ƙasan teku ne yake kutsawa ƙarƙashin ƙasar da muke tsaye. Wani wuri ya kafe, wani wuri kuma can ƙasa yana zamewa a hankali har makonni, ba wanda ke ji. Na'urorin suna sauraron girgizar da ta zo daga nesa ta ratsa duwatsu, da ita ake zana hoton ciki, kamar hoton mai juna biyu a asibiti. Suna so su ga ko ruwan da ya maƙale a dutsen ne ke sa shi zamewa.

Abin ya ba ni mamaki. Na ce, "To alƙiblar ɗakinki fa, ba ta karkace ba?"

"Mama, motsin bai kai faɗin yatsa ba."

"Babbar fa, yaushe?"

"Ba mu sani ba. Shi ya sa muke saurare."

Na tashi da carbina ina kai da komowa kusa da ramukan. Can ta kira ni gaban kwamfuta, suna gwada na'ura ɗaya. Wani layi a fuskar kwamfutar yana ta tsalle.

"Innalillahi, ta fara?"

"Ke ce, Mama. Sawunki ne. Don Allah ki zauna."

Ƙanena ya ce, "Yaya, ke kaɗai kin ishi jihar nan girgiza."

Na zauna a kan kututture, layin ya kwanta. Na daɗe ina kallonsa.

A ɗakinta na ga jaka a bakin ƙofa, da ruwa da tocila da magani, ta kuma nuna mini hanyar tudu da za su bi idan teku ya taso. Ashe damuwata ta gada, sai dai ita ta mayar da ita aiki. Nan na fasa yi mata maganar komawa gida.

Da muka dawo Greensboro, maigidana Alhaji ya leƙa bayana ya ce, "Ina yarinyar?" Na ce tana wurin aikinta. Abin da na koyo shi ne tsoro da kai da komowa ba sa jin komai sai sawun mai su. Har yanzu ina kiranta kullum, amma sai na zauna tukuna.