Dalma a Kan Keken Shanu

Gawie Labuschagne ya yi shekara talatin da huɗu yana sayar da tikitin jirgin ƙasa a Lydenburg, bai taɓa sha'awar shiga jirgin ba. Abin da ya ci masa rai shi ne tsofaffin fam-fam na zinariya. Yana da su goma sha ɗaya a faifan katako, gurbi na sha biyu kuwa fanko.

A fam ɗin 1892 akwai kan wani shugaba mai gemu a gaba, da ɗan keken shanu a baya. Bajamushen da ya sassaƙa mabugin kuɗin na farko bai san keken shanu ba, sai ya yi masa sandar ja biyu kamar na doki. Mutane suka yi ca, aka sake mabugi mai sanda ɗaya. Gawie yana da mai biyun. Mai ɗayan ne ya hana shi sakat, har gashin kansa ya ƙare.

Ran nan bayan coci, yayarsa Hendrina ta kira shi shan kofi da busasshen burodi. Tana zuba madara ya hango zinariya maƙale a wuyan rigarta.

"Yaya, wannan fa?"

"Na Mama ne. A gwangwanin maɓallai na tsinto shi. Kai, ɗauke idonka daga ƙirjina, tsoho da kai!"

"Ciro min, don Allah. Minti ɗaya."

"Da wannan hannun mai maiƙo?"

Ya goge a wando, ya karɓa, ya kifa shi, ya zaro gilashin dubawa. Shekarar ta fito sarai, 1892. Sai dai an liƙa fil a bayan, dalma ta kwanta ɗamɓar a kan keken, ko ƙafarsa ɗaya ba a gani.

"Wane mugu ne ya yi wannan aiki?"

"Baba ne ya kai wa maƙeri. Ya ce a liƙa da kyau, Mama akwai yar da kaya."

"Duk faɗin kuɗin nan, sai a kan keken?"

"To a hancin mai gemun za a liƙa?"

Ya juya shi ta taga, ya karkata, ya runtse ido ɗaya. Babu.

"Yaya, bari in kai a narkar da dalmar. Sanda kawai zan ƙirga."

"In biyu ce fa?"

"In dawo miki da abinki."

"A ƙone. In ɗaya ce?"

Gawie ya ƙara damƙe kuɗin a hannu.

"Ka gani! Ka kulle Mama a akwati, ka riƙa leƙa ta da gilashi." Ta miƙo tafin hannu. "Da shi za a binne ni, auta. Na riga na gaya wa fasto."

Ya ajiye mata. Ta maƙala a riga, ta tura masa faranti.

"Ci burodi. Kofinka ya huce."