Baba Rage da Keken Ɗinkin Mahaifiyarmu

Kafin ƙarfe bakwai ya riga ya buɗe garejin, ya share ƙofa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya jawo kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa da waya. Daga tagar ɗakina nake ganinsa, shekara goma sha biyu ke nan. Da can bakaniken motocin fetur ne. Da motocin lantarki suka yawaita, ya koma ɗalibi da furfurarsa, har ya zama shi ake kai wa mota a ji lafiyar batirinta. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idanu sun ce sun gaji.

Direbobi ne suka sa masa Baba Rage. In allon motarka ya nuna saura kilomita ɗari uku, ka faɗa masa, sai ya ce rage. Wai da tafiyar jiya motar ta yi lissafinta, ba ta san ta gobe ba. Zai jona 'yar na'urarsa ƙarƙashin sitiyari ya ga iya abin da batirin ke riƙewa yanzu, sannan ya tsare ka da tambayoyi kamar ka zo neman auren 'yarsa: ku nawa ne, akwai kaya, akwai hawa a hanyar, kana sakin esi don sanyaya motar, ƙafarka na da nauyi? Daga nan ya rubuta tasa lambar a guntun takarda ya manna kusa da allon. Wani mai tasi ya rantse min takardar nan bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ni ma shaida ce. Bara aka aiko min jikin yayata ya yi tsanani. Mu biyu muka rage cikin mu bakwai da aka haifa, kuma rabona da ita shekara tara, kullum ana cewa sai an samu sarari. Abu ɗaya ta roƙa: in zo mata da keken ɗinkin mahaifiyarmu ta ƙara jin ƙararsa. Ɗana ya ɗaure keken da teburinsa a saman mota. Allo ya ce ɗari biyu da casa'in, wurin caji ɗaya tilo da ke hanyar yana ɗari biyu da talatin, ɗana ya ce ai har da rara. Sai ga Baba Rage ya tsallako titi da kofin shayi a hannu, ba wanda ya kira shi.

Ya duba, ya ce tsufa ya ci kashi ɗaya cikin biyar na batirin, teburin nan kuwa kokawa zai yi ta yi da iska har mu isa. Ya rubuta ɗari biyu.

"Baba, kai kullum ragi," in ji ɗana. "Ba a koya maka tarawa a makaranta ba?"

"An koya min. Amma ni ake kira in mota ta tsaya a daji." Ya juyo wurina. "Inna, batir ma kamar gwiwoyinmu ne. Yana tuna ƙuruciya, amma hawa ne ke faɗar gaskiya."

Na ce ba inda za ni ba keken. Bai yi min musu ba. Ya kwance kan keken daga teburin, ya naɗe shi a tsumma mai tsabta ya ajiye tsakanin ƙafafuna, ya ɗauke teburin zuwa gareji. Ya ƙara wa tayoyi iska, ya gargaɗi ɗana kada ya wuce tamanin, ya kuma kashe esi a hawa. Ya soke lambar farko ya rubuta ɗari biyu da arba'in da biyar. Da saura kilomita goma sha uku muka isa wurin cajin, gumi sharkaf.

Na tarar da yayata. Ta sa aka ɗora mata keken a cinya, ta murza shi da hannu, ta rufe ido tana saurare. Da ta buɗe sai ta ce, "Ina teburin? Ke har yanzu rabin aike kike yi." Muka yi dariya har da hawaye. Kwana goma sha ɗaya muka samu tare.

Kai ne ka ba ni kwanakin nan, Baba, da 'yar takarda. Kai ne mai faɗar lambar da ba a son ji, mai raba mutum da kwanan daji. Na gode, Allah ya saka maka, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu tasowa a sana'ar, ku koyi tambaya irin tasa, kada ku sallami mai tafiya da abin da kunnensa ke so.

Teburin na nan a garejin, a kansa yake ajiye shayi. Kowace safiya ina hangensa daga taga, in tuna ni da yayata muna yara ƙarƙashinsa muna tsintar ƙyalle. Ya ce ranar da zai rufe zai tsallako min da shi. Na ce masa ba sauri.