Igiyar Yaya Garba da kwano shida

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Garba kafinta, amma ban taɓa neman sa ruwa a jallo kamar makon jiya ba. Iskar farkon damina ta yaye rufin ɗakin matarsa, Yaya Ige, a Badariya. Kwano shida muka samu, hadari kuma kullum sai ya haɗo daga gabas. Ta tattara tabarmi da hatsinta a zaure, tana duban sama, tana duba na.

Shekara ashirin ina bin sa aiki, daga Argungu har ƙauyukan Zauro, amma ni mai riƙo ne. Shi ke yanka. Yakan shimfiɗa kwano bisa katako biyu, ya sa safar hannu ta fata, ya bi layin gawayi da almakashi a hankali. In iska ta taso sai ya aje aiki, ko da mai gida na kumfar baki. Yakan ce mini, "Sani, kwanon ga wuƙa ne da bai da ƙota." In ya gama ya lanƙwashe bakin, ya tsince ɓarɓashin a buhu, domin mutanen fadama ba su cika sa takalmi ba.

Me zai ce da ya ga masu aikin yau? Injin yankan ƙarfe na ihu, tartsatsi na tashi, ido a buɗe, hannu tsirara. Wutar ta ƙona bakin kwano, bayan damina biyu tsatsa ta ci shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maƙwabcinmu Malam Bulus ya ba ni aron nasa injin, na yi godiya, na ce ya riƙe mini kwano kawai.

Ni ma fa na yi nawa. Yaya bai san boko ba. Da igiya mai ƙulli yake awo. Ni kuwa shekara biyu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, na iya karanta tef ɗin awo. Na auna, na rubuta, na sake aunawa, na yanka. Da muka ɗora, kwanon ya tsaya daidai kan bango, babu ko ɗan leɓe da zai zubar da ruwa waje. Saura biyar, biyar ɗin kuma su ne rufin. Na zauna, na tashi, na kewaya tsakar gida.

Yaya Ige ta shiga zaure ta fito da igiyar, ta yi baƙi don tsufa. Ta ce, "Mi kake ta kai da komo? Shi kullum sai ya ƙara taƙin hannu guda bayan ƙulli. Kai da kake riƙe mai, ba ka gani ba?"

Na gani, sau ɗari. Ban taɓa tambaya ba ne. Na auna sauran biyar ɗin da igiyar, na ƙara taƙin, sannan na yanka.

Yaya bai bar gona ba, bai bar shago ba. Igiya ya bari, da almakashi, da taƙi guda da ba a rubuta ko'ina ba. Allah ya jiƙan sa. Layina bai miƙe kamar nasa ba, amma ranar Laraba ruwa ya sauka, ya zuba nesa da bangon Yaya Ige. Ni kuma ina tsugune a tsakar gida da buhu, ina tsintar abin da ya rage.