Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ni ban yi makaranta ba, jikata Hajara ce ke rubuta muku wannan, amma wallahi abin da zan faɗa ni ya faru da ni, shekarun baya kaɗan, ido biyu kuma da rana tsaka.

A Salaga ta ƙasar Gana aka haife ni, gidan masu goro. Ɗana na fari, uban Hajara, fataucin albasa yake yi zuwa Bawku, kuma kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun da na haife shi har ya yi furfura "kai wannan" nake ce masa, shi kuma ya yi dariya. Shi ya saya mini wata 'yar waya mai madannai, ya ɗauki muryarsa a ciki yana tsokanata: "Mma, ki sha maganinki, ki rage goron nan, in kin yi kewata ki danna nan." Bayan zazzaɓi ya ɗauke shi, abin da ya rage mini ke nan. Kullum bayan la'asar sai na danna.

To, sai wayar ta fara mutuwa. Ramin cajinta ya ci tsatsa, igiya ba ta shiga, sai dai a cire batir a caja shi daban, muryar kuma a cikin wayar take, ba a katin memori da ake cirewa ba. Na hau mota zuwa Yendi inda Hajara ke aiki, ta ce, "Tsohuwa, kwantar da hankalinki, ta iska za mu kwaso ta." Bulutut, in ji ta. Ta buɗe kwamfutarta, kwamfuta ta hango wayar, har da sunan da ɗana ya sa mata, wato nasa. Amma su gaisa, a'a. Ta kashe ta kunna, ta matso da su har suna gogar juna, ta goge ta sake nema, lamba ta fito nan ta fito can, ta amsa, sai abin ya yi ta juyawa ya saki. Ni dai ina zaune da carbi, ba abin da na iya. Da na ga ta daina tsokanata, na san babu daɗi.

Aka ce akwai mai gyara a kasuwar Bawku. Muka je. Bakusashe ne, ƙabilar wajen, dattijo, Hausarsa irin ta zango, mace ma "kai" yake ce mata. Ya gwada da kwamfutar Hajara, ya gwada da tasa, shiru. Ya ce batirin ya kumbura, in wayar ta mutu yau ba lallai ta tashi ba. Hajara ta fita alwalar azahar, shi kuma ya sake nema, wayoyin 'yan kasuwa suka cika masa allo. Ya ce, "Mma, zan karanta sunaye, in ka ji naka ka ce." Yana karantawa har ya zo kan na ɗana, sai ya karkata shi, ya mai da shi wani abu daban, kamar sunan bare.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na gyara masa. Na faɗi sunan sarai, da ƙarfi, karo na farko tun da aka raɗa masa shi.

Nan take kwamfutar Hajara ta yi ƙara, ba wanda ya taɓa ta. Mai gyara ya janye hannunsa. Wani layi ya cika a allonta, wayar ta yi duhu, kuma ba ta sake tashi ba har yau.

Hajara ta dawo ta danna abin da ya shigo kwamfutar. Babu zancen magani, babu na goro. Muryarsa ce dai, kusa sosai, kamar daga bayan labule: "Na'am, Mma." Sai numfashi, irin na mai jiran a yi masa magana. Shi ke nan.

Mai gyara ya ce wataƙila tsohon abu ne da ke ɓoye a wayar. Na ce masa yaushe na taɓa kiransa da zai amsa? Sai ya miƙo mana wayar da hannu biyu.

Waccan muryar ta magani da goro ta ɓace. Wannan tana nan a kwamfuta, ban kuma yarda an sake danna mini ba, don ban san me zan ce masa ba in ya amsa. Ku masu 'ya'yan fari, kunya tana da kyau, ban ce ku bari ba. Amma ko sau ɗaya ne, a ɗaki, ba kowa, ku kira su da sunansu tun suna amsawa daga nan duniya.