Sai da Nono Ya Dawo Cif

Jikana ya iso gida, ko farkawa bai yi a hanya ba! Af, salamu alaikum, murna ce ta sa na manta.

Da uwarsa ta gama wankan jego a Kutemeshi, uwargidana ta rantse ba za a ɗauko jariri a cikin a-kori-kurar ɗanmu Garba ba. Motar nan ce ta fasa mata tuluna biyu a hanyar daji.

Muka je Kaduna wurin makaniken da ke gyara wa Di'o mota. Ya nuna mana shokazoba iri biyu, wato ƙarfen da ke rage wa mota jijjiga. Na zaɓi wadda ake ɗaurewa a sassauta, don na karanta lambobin jikinta da kaina. Ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba.

Garba ya saka, ya ɗaure noti tamau. Uwargida ta cika ƙwarya da nono, ta ɗora mini a cinya, ta ce mu zaga ta hanyar ramuka.

Muka dawo, gemuna na ɗigar nono.

Uwargida ta ce, "Malam, riƙewa na ce, ba sha ba."

Garba ya ce, "Inna, haka ake ɗaurewa in za a yi lodi."

"To, ɗan angon nawa ba buhun gyaɗa ba ne. Sassauta!"

Sau uku yana shiga ƙarƙashin motar kafin nono ya dawo cif. Sannan ta yarda.

Jama'a, ku zo ku gani. Jikan nake nufi fa. In Garba ya ja ku wajen mota, kada ku bi shi.