Ranar da Inna ta gaida giwa

"Sannu baiwar Allah, ya baƙunta?"

Inna ce, mahaifiyata, take gaida giwa. Wallahi sai da na waiga in ga ko Turawan da ke kusa sun ji.

Hutu na samu a wurin aiki, na ɗauko ta daga gidanmu na unguwar Soundview a New York muka yi doguwar tafiya zuwa wani gandu da ake kula da tsofaffin giwaye. Mai zagayawa da mu ta nuna wata giwa can gefe, ita kaɗai, tana ta kaɗa kai. Ta ce daga gidan zu aka kawo ta, inda ta yi shekara da shekaru ba 'yar'uwa.

Na fassara wa Inna, har na ƙara da nawa: "Amma fa can ma ba ta rasa komai ba. Ga abinci, ga likita, ga ɗaki mai ɗumi."

Inna ba ta ɗauke ido daga giwar ba. Ta ce, "To wa ke shigo mata da sallama?"

Tun da Inna ta zo New York, kullum na dawo aiki a bakin taga nake tarar da ita. Abinci, likita, ɗaki mai ɗumi: abin da nake lissafa wa 'yan'uwa a Kano ke nan in sun tambayi lafiyarta.

A mota na ce, "Inna, ya baƙunta?"

Ta ce, "Da sauƙi, tunda kin tambaya."

Ku da kuka ɗauko iyaye zuwa nan, wa ke yi musu sallama in kun fita?