Yaƙin Goggo Tabawa da Tumbina

Ni Alhaji Sale dillali, tun da uwata ta yaye ni ba a taɓa raba ni da loma ba. Ku je karar shanu ta Maigatari ku tambaya. Na taɓa tsayawa ina cin balangu da hannun dama, ina ciniki da na hagu, wani bajimi ya tsinke igiya ya yo kaina. Kasuwa ta dare, masu rawani suna hawa katanga, ni ko gezau, sai da na suɗe takarda tas sannan na matsa masa ya wuce. To wannan jarumin da kuke ji, mace ɗaya ce ta riƙa ƙwace masa nama daga hannu a bainar jama'a, kuma tsawonta bai wuce aljihun rigata ba: Goggo Tabawa, ƙanwar mahaifina.

Ku da kuka san ta, kun san Goggo ba ta gaisuwa da baki. Kana durƙusawa za ka ce ina kwana, sai ka ji yatsa a fuskarka, ta ja fatar idonka ƙasa tana leƙe kamar mai neman allura. In ta ga ja, ta ce, "Tashi, ka kwana lafiya." In ta ga fari, to ka shiga uku, yau sai ka ci kwaɗon zogale ko da ka zo ne da saƙon mutuwa. Har mai unguwarmu ta taɓa ja wa ido, yana cikin rawaninsa. Bawan Allah ya tsaya cak har ta gama, sannan ya ce, "Tabawa, yaya, zan kai damina?"

Ta yi shekaru tana dama kunu a sashen yara masu tamowa a wani asibiti nan Gumel. Ba ta san bihim a boko ba, amma kunnenta bai bar komai ba. Abin da malaman asibiti suke koya wa iyaye mata, ita sai ta mayar da shi nata. Ta ce jiki gida ne, kuma ma'aikata uku ke riƙe da shi. Akwai lebura, mai ba da ƙarfi: tuwo, shinkafa, mai. Akwai magini: wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, nama. Sai maigadi, mai korar cuta: ganye da 'ya'yan itace. Duk kwanon da ta buɗe, sai ta kira sunan ma'aikata. Ranar da ta same ni da shinkafa da taliya, ga burodi a gefe ina dangwala, sai ta riƙe haɓa.

"Babana," haka take kira na don sunan mahaifinta gare ni, "leburori uku ka tara a fili, ba magini, ba maigadi. Me za su yi maka in ban da jibga ƙasa?" Ta zungure ni a ciki. "Ga ƙasar nan kuwa, sun jibga."

Na yi dariya, don a lokacin tumbina abin alfaharina ne. A kara in ba ka da tumbi, wa zai yarda ka san sa mai ƙiba? Ita kuwa tun daga ranar ta ɗaura yaƙi da shi. Ta ce wannan tulun ne zai kai ni ƙasa in ba a tare shi ba.

Kafin ta waiwayo ni sosai, sai da ta gama da sauran dangi. Ranar sunan 'yata Ummi, a gidan surukaina a Gagarawa Tasha, an yanka rago, an soya hanta da ƙoda an kawo wa manya a zaure kamar yadda aka saba. Ga liman, ga surukina, ga ni na naɗe hannun riga. Liman ya yi bismilla ke nan sai muka ga tire ya tashi sama. Goggo ce, ta ɗora shi a ka.

Liman ya ce, "Haba Goggo, ai wannan rabon maza ne tun kaka da kakanni."

Ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Allah gafarta Malam, a cikinku wa ya yi naƙuda?"

Liman ya janye hannunsa, ita kuwa ta ci gaba.

"Wa ya zubar da jini? Wa zai shayar? To mai wannan aikin ita ce mai hanta. Ku ga ƙafafu can, ku yi ta gwagwiya."

Haka Hadiza matata ta cinye hantar nan ita kaɗai, mu kuma muka yi walima da kofato. A wannan jegon ne kuma ta kori wata tsohuwa da ta zo da ludayin ruwa za ta ɗura wa jaririyar wai zafi ya yi yawa. Goggo ta ce nonon uwa da ruwansa yake zuwa, mai jin ƙishi uwar ce, a ba ta randa guda in ana so. Ta zauna a bakin ƙofa da muciya a cinya har aka yi arba'in.

Da Ummi ta fara cin abinci, sai rigimar ƙwai ta tashi. Yayan Goggo, Baffa Ilu na Sule Tankarkar, ya zo ya tarar tana murmushe wa yarinya dafaffen ƙwai a cikin kunu. Ya yi salati kamar ya ga gobara.

"Tabawa! Ƙwai ga yaro? So kike ta tashi ɓarauniya?"

"Yaya, kai an ba ka ƙwai kana yaro?"

"Allah ya kiyaye! Ko ɓawonsa ban taɓa ba."

"To wa ya riƙa kwashe wa Inna ƙuli-ƙuli a rataye, ana dukana a kai?"

Baffa Ilu, mai furfura har gemu, ya hau tari. Ba ta ƙyale shi ba. Ta ce ta ga ragon da yake kiwo: da safe dusa, da rana harawa, da yamma ƙowar wake, ga kanwa a ruwa don kada wani abu ya gaza. "Rago ka san ba ya ginuwa da abu ɗaya. Jikokinka kuwa tuwo da safe, tuwo da dare, miya kamar ruwan wanki. In Sallah ta zo sai ka ɗaure jikokin a turke ka sa ragon a makaranta." Mako bai zagayo ba aka ga Baffa yana hana kai ƙwan zabinsa kasuwa. In an tambaye shi sai ya ce farashi ne ya faɗi.

To, sai aka zo kaina. Wata shekara na fara shan ruwa kamar raƙumi, ina zaryar bayan gida, idona yana hazo. Ranar wata kasuwa ina tsakiyar ciniki jiri ya kwashe ni, na zube a gaban saniya. Ni na ce santsi ne. Likita ya ce ciwon sukari ne, ga hawan jini ya rako shi. Nan fa wasa ya ƙare, don abokina Alhaji Bala, wanda muke cin tire ɗaya, wannan ciwon ne ya fara da yatsan ƙafarsa ya ƙare da ƙafar gaba ɗaya. Na dawo gida na zauna ina kallon ƙafafuna, ina tunanin wa zai riƙe Hadiza da yara.

Washegari sai ga Goggo a kan acaɓa, da ƙullin kayanta da turminta ƙarami. Ko sannu ba ta ce min ba. Ta wuce madafi ta tattara lemon kwalba, da sukari, da dunƙulen ɗanɗano, ta ce daddawa ta riƙe kakanninmu, za ta riƙe ni. Gishiri kuwa sai ta auna da farce. Ƙwayoyin likita ita ke miƙo min da hannunta. Ta ce, "Ni abinci na sani, magani nasa ne. Jaki ɗaya muke kora ni da shi."

Na ce a raina, gida naki ne, amma hanya tawa ce. Ranar kasuwa na tsaya wurin mai shayina na shekara da shekaru, na ce a haɗa min mai kauri yadda aka saba. Ya miƙo min ruwan bunu, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci.

"Kai Ɗanjuma, ina sukari? Ina madara?"

Ya sunkuyar da kai. "Alhaji, Goggo ta biyo ta nan."

Na wuce wurin mai tsire. Ya zaɓo min tsinke biyu marasa kitse, ya tula min albasa da tumatir da kabeji kamar zai ciyar da zomo. "Alhaji, ka yi haƙuri, ta ce in na ba ka kitse za ta zo ta duba idon 'ya'yana a gaban mutane." Na rantse muku har wani Bazabarme mai sayar da dabino da ya tsallako daga Nijar, wanda bai taɓa ganina ba, ya dube ni ya ce, "Kai ne mai tumbin? Uku kawai aka ce." Tsohuwar nan ta rufe min iyaka ta ko'ina, abin da jami'an kwastan ba su taɓa iyawa ba.

Da na ga haka sai na kafa sharaɗi guda. Na ce na yarda da wake, na yarda da rama da zogale, na yarda da tafiya masallaci mai nisa a ƙafa. Amma langata ta tuwo, wadda nake ci tun ina ango, a cika min ita fal. A nan ba sulhu. Na shirya faɗa, sai kawai ta ce, "An gama, Babana. Namiji da langarsa." Na ce yawwa, yau na kayar da Goggo.

Kuma ikon Allah, ina share langata tas kullum, amma tumbi yana ta saɓulewa. Tela ya rage min wando sau ba adadi. Na fara hango yatsun ƙafata ba tare da na leƙa ba, muka gaisa bayan dogon rabo. Har na ga kamar hannuna ya ƙara girma, don da ƙyar yake juyawa a cikin langa. Likita ya duba gwaji ya ce Alhaji, ci gaba da abin da kake yi. Na shiga kara ina ba da lacca: jikina ne na daban, ina ci ina ramewa, baiwa ce.

Ita kuwa tsufa ya zo mata a hankali. Haƙora suka zube, amma ba ta yarda ta koma koko zalla ba. Ta ce tsohon gida ya fi sabo buƙatar yaɓe. Sai ta daka busasshen kifi a turminta ta barbaɗa a miya, ta sha nono, ta ci alala, ta tsotsi gwanda. Tana fin shekara tamanin tana share tsakar gida tana yi wa 'yan mata gorin kasala.

A ciwonta na ƙarshe abinci ya ƙi shiga. Ni da aka yi shekaru ana ƙwace wa loma, ni ne na zauna da ludayi ina lallashi. Ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce gyaɗar ta yi kaɗan. Can ta ce, "Babana, ka san 'ya'yana biyu na fari a yaye suka tafi? Ga wake a rumbu, ga kaji a tsakar gida. Ban sani ba ne kawai. Ba wanda ya gaya min." Ban taɓa jin wannan zancen daga bakinta ba sai ranar. Na ci gaba da miƙa mata ludayi.

Allah ya jiƙan Goggo Tabawa. Allah ya haɗa ta da 'ya'yan nan nata biyu cikin ƙoshi, ya shayar da ita daga abin da ba ya ƙarewa. Duk yaron da ya miƙe a dangin nan, da ƙafafun nan biyu da nake takawa, Allah ya sa su a mizaninta.

Bayan an share makoki, ina zaune Hadiza ta kawo min tuwo. Na goge ido na ce, "Ko ba komai, Goggo ta tafi ta san akwai wuri ɗaya da ba ta ci ni da yaƙi ba. Langata ban taɓa sallama ta ba."

Hadiza ta dube ni, ta dubi kwanon.

"Baban Ummi, wace langar? Saiti ne fa, duk furensu ɗaya. Goggo ta sa na riƙa sauko maka da su ɗaya bayan ɗaya. Taka tana ƙarƙashin gado, albasa nake zubawa. Wannan da ke gabanka ta Ummi ce, ita ma don ta ce ba ta isar ta ne ta bar maka."